Shin Ko Kun San? Injin CNC Lissafin Taku Yake Yi

Shin ko kun san yawancin ƙananan injinan CNC da ake sassaƙa katako ko alminiyam da su a gida ba su san inda bakin yankansu yake ba? Ƙirge kawai suke yi, kamar makaho mai lissafa taku. Motar sitefa da ke tura su kan yi taku 200 kafin ta cika zagaye guda, kowanne digiri 1.8. In dogon sukurun da take juyawa yana matsawa milimita 5 a zagaye, taku ɗaya milimita 0.025 ke nan.

To amma kwamfutar umarni take bayarwa, ba ta jin amsa. In aka cusa bakin cikin ƙarfe fiye da ƙarfin motar, sai ta tsallake taku, injin ya ci gaba abinsa, duk abin da ya yanka daga nan a karkace. Akwai mota mai na'urar da ke kai rahoton juyinta, sai dai tsada. A ganina, rage gudu da zurfin yanka ya ishi mai aikin sha'awa.

Shin ko kun san 'yar tazarar da ke tsakanin sukuru da notinsa tana cinye motsi duk lokacin da injin ya juya baya? Ku yanka da'ira ku duba: tabon zai fito a wurare huɗu. Manhajar sarrafa injin mai suna LinuxCNC na iya cike wannan giɓi da lissafi. GRBL kuwa, manhajar da Simen Svale Skogsrud ɗan Norway ya fara a 2009, ba ta yi, sai dai a gyara notin.

Zafi ma da nasa. Sandar baƙin ƙarfe mai tsawon mita ɗaya kan ƙaru da kusan milimita 0.012 a kowane digiri guda na Salsiyos, alminiyam kuwa kusan ninki biyu.

Ga wata matsala da ke ba sababbin hannu haushi: GRBL kan saki motocin jim kaɗan bayan sun tsaya, don haka garin canza baki hannu na iya ture su. A sa $1=255 a saitin GRBL, za su riƙe gam.

In kuma an ɗauke wuta ana tsakar aiki? Wanda ya sa makunnai a ƙarshen kowane layin motsin injin, ya kuma ajiye mafarin aikinsa a ma'ajiyar G54, zai mai da injin gida da umarnin $H, ya ɗora daga inda ya tsaya.