Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya: Asalinta, Karatunta da Wasanninta

Yawancin malaman makaranta idan aka tambaye su tarihin Jami'ar Ahmadu Bello sukan ce an buɗe ta ran 4 ga Oktoba, 1962, su tsaya nan. Wannan gaskiya ne, amma ya kamata yaranmu su san cewa ba a fili fetal aka dasa ta ba. Tun cikin shekarun 1920 akwai tashar binciken aikin gona a Samaru da gonar dabbobi a Shika. A Kongo akwai makarantar horar da akawuna da ma'aikatan En'e, wadda ta zama Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki. A Samaru kuma akwai reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, inda a 1958 su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane. Waɗannan ne aka harhaɗa, aka ƙara da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, bayan kwamitin Ashby ya ba da shawara a 1960 cewa Arewa na bukatar jami'arta.

Ta fara da ɗalibai 426 kacal. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Allah Ya jiƙansa, shi ne uban jami'a na farko, Norman Alexander mutumin New Zealand kuwa shi ke tafiyar da ita. Damuwar Sardauna a bayyane take: an sami mulkin kai, amma Jihar Arewa ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi da lauyoyi na kanta. Bai ga amfanin shukarsa ba, domin an kashe shi a Janairun 1966. A wannan shekara Dokta Ishaya Audu, likitan yara, ya karɓi ragama, ya riƙe ta har 1975. Lokaci ne mawuyaci, rikici ya sa malamai da ɗalibai da yawa sun bar Zariya. A ganina, abin da ya fi ceton jami'ar a zamaninsa shi ne makarantar share fage, wadda ta riƙa ɗibar yaran da suka gama sakandare tana shirya su, tun da makarantun Arewa masu ajin gaba da sakandare ba su da yawa. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓe jami'ar, a 1977 kwalejin Kano ta zama Jami'ar Bayero.

Ta fuskar karatu, manomi ya fi kowa cin moriyarta, ko da bai taɓa taka ƙofarta ba. Duk irin masara ko dawa ko gyaɗa ko wake ko auduga da sunansa ya fara da SAM, daga Samaru ya fito. A 2019 aka fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso. Asibitin koyarwa ya koma mazauninsa na Shika a 2005, kuma tun 2004 jami'ar ke da tukunyar nukiliya ta bincike, irinta ta farko a ƙasar nan.

Amma mu masu sha'awar tarihi, sashen tarihi ne ya fi tsaya mana a rai. Kafin zuwan marigayi Farfesa Abdullahi Smith, tarihinmu a makarantun boko kusan duk daga rahotannin Razdan da Di'o ake tsamo shi. Smith ya nace sai an koma ga rubuce-rubucen Larabci da na ajami da ke jibge a zaurukan malamai, a kuma zauna da dattawa a ji daga bakinsu. Ya ƙi yarda da cewa labarin Bayajidda shi ne asalin ƙasashen Hausa, ya ce a duba yadda ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni, ta hanyar noma da ƙira da fatauci. A 1970 ya kafa Gidan Arewa a Kaduna, a gidan Sardauna. Daga wannan makaranta Yusufu Bala Usman ya rubuta tarihin Katsina, Mahdi Adamu ya bi sawun Hausawa a Afirka ta Yamma, Mahmud Tukur ya tona yadda Turawa suka ci Arewa. Ba dole mai karatu ya yarda da duk abin da suka faɗa ba, amma malamin da bai karanta su ba bai shirya shiga aji ba.

Jami'ar ta ga baƙin kwana. An harbe ɗalibai a Samaru a zanga-zangar 1978 kan ƙarin kuɗin abinci da makwanci, aka sake yi a Mayun 1986. A 1995 gwamnatin soja ta ɗora mata kantoma, Manjo Janar Mamman Kontagora.

Game da wasanni, jami'ar na cikin waɗanda suka fara gasar jami'o'i ta NUGA a 1966, kuma ta sha karɓar baƙuncinta. Inda ta fi yin suna shi ne ƙwallon kwando, albarkacin Oliver Johnson, Ba'amurken da ya zauna a Zariya shekara da shekaru yana koyar da ɗalibai da yaran gari a fili ɗaya. Cikin yaran garin nan har da Masai Ujiri, wanda yake shugabantar ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019.