Amsoshin Wasiƙunku: In Firinta Ta Yi Gardama

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Batagarawa, ya rubuto cewa ya shigo Katsina don a buga masa takardar NIN daga wayarsa, a wani shago wajen Ƙofar Ƙaura. Sai firinta ta yi ta ƙifta jar fitila, aka ce ya dawo gobe. Yana tambaya, shin takardar ta lalace ke nan?

To Malam, kwantar da hankalinka, takardarka na nan cikin wayar. Firinta ciwonta take faɗa, sai dai da Turanci. In ta ce "fefa jam", takarda ce ta maƙale. Ƙurar hunturu kan sa robar da ke jan takarda ta yi santsi, da damina kuma takardu kan manne da juna. A kashe ta, a zaro a hankali, ban da wuƙa. In ta yi kukan tona, garin tawada ne ya kusa ƙarewa. A ciro kwanson a girgiza, yakan ɗan ƙara tafiya.

Wadda ta fi damuna ita ce "oflayin", wato ta daina jin kwamfuta, galibi igiyar da ta haɗa su ce ta kwance. Yaron shago ya danna sau biyar, duka biyar sun jeru suna jira. Kana tafiya ta farfaɗo, ta zubo su: sunanka, hotonka, da lambarka mai alƙaluma 11. Wa ya san hannun da za su faɗa? Saboda haka kafin ka bar shagon, ka sa ya soke layin jiran a gabanka, ya kuma goge abin da ka tura masa ta WhatsApp.