Pesewa 75 da suka sa aka san sunana a ofis

Daren Asabar, 30 ga Afrilun 2022, mutanen unguwarmu ta Nima a Akra suna ta haramar tahajjud, don muna cikin goman ƙarshe na azumi. Ni kuwa ina kan tabarma a ɗakin Mma, kwamfuta a cinya, ina duba aikin da ba a saka ni a ciki ba.

Washegari, 1 ga Mayu, harajin E-Levy zai fara aiki a duk faɗin Gana: kashi 1.5 cikin ɗari na kuɗin da aka tura ta waya, amma ban da sidi 100 na farko da mutum ya tura a rana. Ƙaramin kamfanin da nake wa aiki yana cikin masu hidimar biyan kuɗi ta waya, don haka dole mu gyara manhajarmu kafin gari ya waye. Mu tara ne masu rubuta manhaja a ofishin, ni kaɗai ce mace. Da shugabanmu ya zo zaɓen waɗanda za su kwana a kan aikin, sai ya tsallake ni. Cikin fara'a ya ce, "Ke je ki huta. Ga azumi, kuma na san a gidanku ba za a bari ki kwana a waje ba."

Bai yi ƙarya ba. Tun ranar da na fara aiki Baba ya gindaya mini sharaɗi: in dawo gida kafin isha'i. Abin da ya ci mini rai shi ne ba a tambaye ni ba. A sana'armu, wanda aka gani a irin wannan daren shi ake tunawa ranar ƙarin girma.

Bari in koma baya kaɗan, ku san ta inda na biyo.

Mma waakye take sayarwa tun kafin a haife ni. Ba ta yi boko ba, amma bashin kowane mai ciniki yana kanta, har da na wanda ya ci ƙwai bai biya ba. A wurinta na koyi lissafi. A ƙaramar sakandare kuwa an koya mana kwamfuta ne a kan allo, da alli. Shi ya sa a 2018, da hoton malamin nan Richard Appiah Akoto na yankin Ashanti ya zaga duniya yana zana Microsoft Word a kan allo, mutanen waje suna mamaki, mu dariya muka yi. Ai haka muka koya.

Kwamfutata ta farko tsohuwa ce, daga Tip Toe Lane da ke Circle. Kuɗin susu Mma ta kwasa ta ba yayana ya sayo mini. Wannan a 2015 ne, lokacin da dumsor ya yi tsanani, wuta ta zo yau, gobe babu. Batirin ba ya wuce awa ɗaya, sai na riƙa rubuta darasin Python a takarda da rana, in an kawo wuta cikin dare in tashi in gwada. Manhajar farko da na haɗa ta rubuta bashin masu cin waakye ce. Mma ta kalla ta ce, "To, wannan abin naki ya san wanda zai biya da wanda ba zai biya ba?" Na ce a'a. Ta ce, "To da saura."

Daga nan na yi kwas a cibiyar fasahar sadarwa ta Kofi Annan da ke Akra, wadda Gana da Indiya suka kafa a 2003. A ajinmu ana iya ƙirga mata da yatsun hannu ɗaya, masu hijabi kuwa ni ce kawai. A gida ma surutu bai ƙare ba. Wata gwaggona ta sha ce wa Mma, "Ki bar ta tana ta danne-danne, sa'anninta na goyo." Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne ganin ba ni ce farau ba. Regina Honu, wadda ta kafa Soronko, ta shigo har cikin Nima da shirinta na Tech Needs Girls tana koya wa 'yan mata rubuta manhaja. Ga kuma Farida Bedwei, wadda lalurar da take da ita tun tana jaririya ba ta hana ta zama ƙwararriyar injiniyar manhaja ba.

Da na samu aiki na ɗauka wahala ta ƙare. Ashe sabon salo ta ɗauka. Baƙo zai shigo ofis ya miƙa mini takarda, a zatonsa ni ce sakatariya. A taro in faɗi magana a wuce, bayan minti goma wani ya maimaita ta a ce ya kawo shawara. Ba wanda ya taɓa zagina. Kawai dai ba a ganina.

To, mu dawo daren nan. Duk aikin da muke yi yana taruwa ne a ma'ajiya ɗaya a intanet, kowane ma'aikaci na iya buɗewa daga inda yake. Bayan mun sha ruwa na yi tarawihi, sai na buɗe don in ga inda suka kai. Na gwada da misalin mai tura sidi 150, irin kuɗin da Mma ke tura wa mai kawo mata wake. A ƙa'ida, sidi 50 da suka haura 100 kaɗai za a cire wa haraji, wato pesewa 75. Manhajarmu sai ta cire sidi 2 da pesewa 25. Ta lissafa a kan kuɗin gaba ɗaya. Ninki uku ke nan, kuma talaka mai tura ɗan kaɗan shi zai fi jin jiki.

Na gyara, na rubuta gwaji guda shida da ke nuna kuskuren da maganinsa, na tura wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare. Abokin aikina da ke ofis ya duba, ya amince, ya haɗa da sauran aikin. Na rufe kwamfuta na bi Mma masallaci.

Bayan hutun sallah aka yi taro. Shugaba ya yaba wa "mazan da suka kwana", ya ware wancan abokin aikin ya ce shi ya cece mu daga abin kunya. Shi kuma ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. Wallahi zuciyata har bugawa take. Tarbiyyar gidanmu ta ce mace ba ta yabon kanta. Amma na tuna Mma ba ta taɓa jin kunyar tambayar kuɗinta ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a buɗe tarihin aikin a gani." Ma'ajiyar tana rubuta sunan duk wanda ya taɓa layi ɗaya, da ranar, da lokacin. Aka haska a bango. Ga sunana, ga ƙarfe 1:32. Ɗakin ya yi tsit. Abokin aikin ya ce, "Gaskiya ita ce ta gano." Shugaba ya ce bai sani ba. Na ce, "Da an tambaye ni, da na ce zan iya aikin dare daga gida."

Ba a yi mini ƙarin girma a ranar ba, sai bayan kusan shekara guda. Amma tun daga makon aka saka ni a jerin masu jiran aikin dare, daga gida, kuma sharaɗin Baba yana nan ban karya shi ba. Harajin ma an rage shi zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi a 2025. Ni dai ya bar mini darasi.

Ƙannena mata na zango, daga Nima da Mamobi har Aboabo a Kumasi, ga abin da nake gaya wa waɗanda nake koyarwa ranar Asabar bayan an tashi daga makarantar allo. Duk abin da kika haɗa, ki ajiye shi a GitHub da sunanki, komai ƙanƙantarsa. Ranar neman aiki ki faɗi sharuɗɗanki da bakinki, lokacin sallah da lokacin komawa gida, tare da yadda za ki cike gurbin, kafin wani ya yanke hukunci a madadinki. Kuma ki tambayi albashin da ake biya a matsayin kafin ki ce kin yarda.

Iyayenmu kuma, aikin yana nan kusa da mu. A 2019 Google ya buɗe cibiyarsa ta binciken ƙirƙirarriyar basira ta farko a Afirka, a nan Akra. Yarinyar da kuka saya wa keken ɗinki za ta iya da kwamfuta ma, kuma galibin aikin ana yin sa daga tsakar gida.

Baba har yau bai gane abin da nake yi ba. In abokansa sun tambaya a majalisa, cewa yake, "Tana gyaran lissafin MoMo." Mma kuwa ta karɓi manhajar bashin nan daga ƙarshe, amma da sharaɗi: ni zan riƙa shigar da sunaye, ita za ta riƙa faɗin wanda za a ƙara ba bashi.