Gwajin Ƙwaƙwalwa: Abin da Yake Aunawa da Abin da Ake Ƙaga Masa

A bakin mutanenmu, "a kai shi a gwada ƙwaƙwalwarsa" zagi ne. Ana jefa wa direban da ya yi ganganci, ana jefa wa ɗan siyasar da ya yi katoɓara. A ɗaya gefen kuma matasa na yaɗa sakamakon wani gwajin minti biyar a Facebook da WhatsApp, wanda ya ce musu basirarsu ta kai maki 140. Wasu na gudun gwajin kamar annoba, wasu sun ɗauke shi kamar yankan wuƙa, kuma duka ɓangarorin na cutuwa. Ga maganganu biyar da suka fi yawo, da matsayin kowacce.

"Gwajin iri ɗaya ne, kuma na masu taɓin hankali ne." Ƙarya ce. A kasuwa da mudu ake awon gero, da sikeli ake awon nama, ba mai haɗa su. Haka masana halayyar ɗan Adam suke da ma'auni daban don kowace buƙata. Akwai na kaifin basira, mai duba fahimtar magana, warware matsala da saurin tunani. Akwai na ɗabi'a, mai duba ko mutum mai son shiga jama'a ne, mai tsari ne, ko mai saurin shiga damuwa. Akwai na zaɓen sana'a da ɗaukar ma'aikata. Akwai na tantance ciwon damuwa da fargaba. Akwai kuma na lafiyar ƙwaƙwalwar kanta, wanda ake yi wa dattijon da mantuwa ta fara kamawa ko wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki. Irin wannan na ƙarshe, mai suna MoCA, aka yi wa Donald Trump a 2018 aka sanar ya ci 30 bisa 30. Zana agogo ne da tuna kalmomi biyar da makamantansu. Alamun mantuwa yake nema, bai auna hazaƙa ba.

"Makin basira (IQ) da shi ake haihuwar mutum, ba ya motsi." Akwai ƙwayar gaskiya, amma an cika mata gishiri. Gado na da tasiri, kuma makin baligi bai cika yin tsalle mai nisa ba. Sai dai asalin gwajin ma ya ƙaryata sauran zancen. Alfred Binet da Theodore Simon sun fitar da shi a birnin Paris a 1905 don a gano ɗaliban da ke buƙatar ƙarin taimako a aji, kuma Binet da kansa ya yi adawa da masu cewa basira a daskare take. A gwaje-gwajen yau, irin waɗanda David Wechsler ya faro a 1939, maki 100 shi ne tsaka-tsaki, kuma kusan mutum biyu cikin uku na faɗawa tsakanin 85 da 115. Ma'anar makin ita ce matsayin mutum a tsakanin tsaransa. Masani James Flynn ya nuna cewa a ƙarni na 20 sakamakon jama'a a ƙasashe da dama ya riƙa hawa da kusan maki 3 duk shekara goma. Jini bai canja da wannan sauri ba, don haka masana suka karkata ga ƙaruwar makaranta, abinci da lafiya. Abin da ke ɗagawa kuwa yana da kishiya: tamowa, ƙarancin sinadarin aidin da gubar dalma duk suna dakushe ƙwaƙwalwar yaro. Gubar dalmar da ta ɓulla a ƙauyukan masu haƙar zinare a Zamfara a 2010 ta kashe ɗaruruwan yara, ta kuma bar wasu da lahani. Yaron da ya tsira daga wannan ya ci ƙaramin maki, magani da kulawa yake buƙata, kuma zalunci ne a kira shi daƙiƙi.

"An auna, an gano 'yan Afirka ne ƙarshe a basira." Taswira mai launi-launi da ake turawa a waya da wannan zance tushenta ruɓaɓɓe ne. Yawancin alƙalumanta sun samo asali daga littafin Richard Lynn da Tatu Vanhanen na 2002. Cikin ƙasashe 185 da suka ba maki, 81 kaɗai suke da wani gwaji a kansu. Sauran kintace aka yi daga maƙwabta. Makin 59 da suka liƙa wa Ikwatoriyal Gini, daga baya aka gano na wasu yara ne masu lalurar ƙwaƙwalwa a wani gidan kulawa a Sifaniya. Ban da haka, gwajin da aka tsara da Turanci, da hotunan kayan da yaron karkara bai taɓa gani ba, yadda yaro ya saba da duniyar Turawa yake fara aunawa. Yaron da ya haddace izu sittin, ko yarinyar da ke lissafin canjin talla a ka ba kuskure, wannan takarda ba ta ga abin da suka iya ba.

"Na yi gwajin ɗabi'a a waya, wallahi ya karanta ni tsaf." A yi hattara. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwaji, sannan ya miƙa wa kowa takardar bayanin halinsa. Suka yaba, suka ba ta sama da maki 4 bisa 5. Ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, ya tsinto jimlolinta daga littafin masu duban taurari. Dabarar ɗan duba ke nan: a faɗi abin da ya dace da kowa, mai sauraro ya ƙarasa da kansa. Har shahararren gwajin nan na Myers-Briggs, mai kasa mutane gida 16, masana na sukarsa saboda mutane da yawa kan faɗa wani gidan daban in sun sake shi bayan 'yan makonni. Gwajin ɗabi'a na gaske aiki ne mai nauyi. MMPI, wanda ya fito daga Jami'ar Minnesota a 1943, yana da tambayoyi 567 a bugunsa na biyu, cikinsu har da waɗanda ke tona mai ƙoƙarin wanke kansa ko mai ƙarin ciwo. Ƙwararre ne kaɗai ke fassara shi.

"'Yan tambayoyi kaɗan na iya nuna ciwon damuwa." Gaskiya ce, da sharaɗi. Ma'aunin PHQ-9 tambayoyi tara ne kan makonni biyun da suka wuce: barci, cin abinci, kasala, yanke ƙauna, tunanin cutar da kai. Makinsa daga 0 zuwa 27 ne, kuma daga 10 zuwa sama ana son likita ya zauna da mutum. Akwai kuma ma'aunin Edinburgh na 1987, mai tambayoyi goma, don masu jego. Amfaninsu kamar na ma'aunin zafin jiki ne: yana nuna akwai zazzaɓi, gano cutar kuwa sai likita ya yi tambaya ya bincika. Mai jegon da ke kuka dare da rana, gida na cewa iska ce ko shagwaɓa, waɗannan tambayoyi goma na iya zama mafarin samun sauƙinta.

Duk wanda aka ce za a gwada shi ko ɗansa, yana da haƙƙin ya yi tambaya uku: me gwajin ke aunawa, da wane harshe kuma da su wa za a kwatanta ni, wane ne zai fassara sakamakon? Akwai ƙwararru a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri, da kuma asibitocin koyarwa. A 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, ta kuma tanadi kare mutuncin marar lafiya. Saura mu gyara bakinmu. Duk ranar da muka mayar da "a gwada ƙwaƙwalwarsa" zagi, akwai wata uwa ko wani dattijo da zai ji, ya haɗiye ciwonsa, ya fasa zuwa asibiti.