Sista, kafin ki taɓa mai zazzaɓin nan

Hunturu ya kama, an fara ƙona daji, ɓeraye sun yo cikin gidaje neman hatsi. Lokacin zazzaɓin Lassa ke nan, daga Disamba har Afrilu. Kirana ga nas-nas ɗinmu ne na Samaru da Sabon Gari, masu aiki a ƙananan asibitocin unguwa da masu sammakon tafiya asibitin Shika. Don Allah kada ku jira sakamakon gwaji kafin ku kare kanku.

Tun farko kan ma'aikatan jinya cutar nan ta faɗa. A 1969 wata nas, Laura Wine, ta kamu a garin Lassa na Borno, ta rasu a Jos, Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ta bi bayanta. A Janairun 2020 likitoci biyu suka rasu a asibitin Malam Aminu Kano bayan an yi wa wata mai juna biyu tiyata. A Fabrairun 2024 cutar ta kashe ma'aikata uku a asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna, nan ƙofar gidanmu.

Abin tsoron, ba ta da wata kama ta daban. Zazzaɓi ne da ciwon kai da ciwon maƙogwaro da kasala, sai a ce maleriya ce ko taifot. Kafin jini ya ɓalle, hannu nawa ne ya taɓa majinyacin?

Na taɓa kwana jinya a wani asibiti. Da tsakar dare, babu wuta, wata nas na neman jijiya da fitilar waya. Da ta kasa ji, sai ta zare safar hannunta ta lalubo da yatsa, jini ya ɗiga a bayan hannunta. Tausayi ne ya sa ta, na sani, shi ya sa abin yake damuna har yau.

Sista, safa ɗaya, majinyaci ɗaya. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki sa da bayan kin cire. Kada ki mayar wa allura murfi. A ɗakin haihuwa ki sa abin kare ido da baki. Ki hana 'yan uwa wanke zanin gado mai jini ko amai da hannu tsirara. In kayan kariya sun ƙare, ki faɗa wa metiron da babbar murya, kuma a rubuce.

Duk zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, a keɓe mai shi, a kira layin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, 6232. In jininsa ya taɓa ki, ki ba da rahoto a ranar, ki riƙa auna zafin jikinki har kwana 21.