Lokacin da Fayil Ya Fi Ƙarfin Git

A shekarar 2005 Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git domin masu gina manhajar Linux su riƙa adana kowane gyara da suka yi. A tsarinsa, duk wanda ya sauke aikin zuwa kwamfutarsa, har da tarihin aikin yake saukewa tun daga ranar farko. Idan rubutu ne, wannan ba wani nauyi ba ne. An canza layi ɗaya cikin dubu? Git zai matse tsoho da sabo, ya riƙe bambancin kawai.

Hoto da bidiyo da murya su ne ke kawo cikas. Yawancinsu an riga an matse su, don haka ɗan gyara kan birkita kusan duk abin da ke ciki. A adana bidiyo mai megabait 200 sau goma, ma'ajiyar ta doshi gigabait 2, kuma kowane sabon abokin aiki sai ya jawo kayan nan kaf ta intanet, ko da na ƙarshen kaɗai yake buƙata. Mai sayen data da guminsa ya san zafin haka. Goge fayil ɗin ma ba ya rage komai, domin yana nan daram a tarihi. Cire shi sai an sake rubuta tarihin, abin da ke rikita kwafin kowa. GitHub dai, dandalin da ake ajiye ayyukan Git a intanet, ba ya karɓar fayil da ya haura megabait 100.

A 2015 GitHub ya fito da Git LFS. Maimakon bidiyon, abin da ke shiga tarihi ɗan rubutu ne mai layi uku, ɗauke da lambar shaidar fayil ɗin da girmansa, tamkar rasit ɗin kayan ajiya. Ainihin fayil ɗin yana can a wata ma'ajiya daban, ana jawo wanda ake aiki da shi kaɗai.

Dabara ce mai kyau, amma ba ta kashe bakin tsanya ba. Idan mutum biyu suka gyara hoto ɗaya, ba yadda za a haɗe gyaran nasu. Dole wani ya kulle fayil ɗin har ya gama. Wannan na cikin dalilan da suka sa manyan kamfanonin wasannin bidiyo suka daɗe suna riƙe da wata manhajar adana gyara mai suna Perforce. Kuma wurin ajiyar LFS, idan ya wuce iyakar kyauta, kuɗi ake biya.

A ganina, tun kafin fayil na farko ya shiga ya kamata a zaɓi waɗanda za su bi ta LFS. Kwashe tsofaffin daga baya, shi ma sai an taɓa tarihin.