Harshen Klingon: Abin da Ake Faɗa da Abin da Yake Gaskiya

Duk wanda ya ce zai koyi Klingon, kafin ya buɗe littafi an riga an cika masa kunne da ji-ta-ji-ta. Wadda ta fi yawo ita ce wai ba harshe ba ne, gurnani ne kawai da 'yan wasan Star Trek ke yi a gaban kyamara. Wannan magana tana da ɗan tushe, domin a fim ɗin farko na 1979 'yan kalmomi kaɗan ne aka ƙaga, da hannun ɗan wasa James Doohan a ciki. Amma da aka zo fim na uku a 1984, sai aka ɗauko masanin harsuna Marc Okrand, wanda ya yi digirinsa na uku a kan Mutsun, wani harshen 'yan asalin Kalifoniya. Shi ya gina masa nahawu, ya fitar da ƙamus a 1985. Yau har wasan Hamlet an fassara da shi.

Ana kuma cewa nahawunsa ya fi ƙarfin ɗan koyo. Ni dai ban yarda ba, kuma wannan ƙaryar ce ta fi ɓata mini rai, don ita ke korar mutane tun daga bakin ƙofa. Gaskiya ne Okrand ya juya jimla da gangan don ta zama baƙuwa: abin da aka yi wa aiki ne a gaba, sai aikatau, mai aikin a ƙarshe. Idan aka ce puq legh vav, kalmomin su ne yaro, gani, uba, amma uban ne ya ga yaron. Sai dai wannan doka ɗaya ce, ba ta sauyawa. Ɗafa-goshin aikatau na nuna wanda ya yi da wanda aka yi wa: qalegh na gan ka, cholegh ka gan ni. Jam'i kuwa hanya uku ce kacal, -pu' ga masu magana, -Du' ga gaɓoɓin jiki, -mey ga sauran abubuwa. Bahaushen da ya saba da gida gidaje, kare karnuka, jirgi jirage, ai wannan ba zai hana shi barci ba. Ɗafa-ƙeyar aikatau ta kasu aji 9, ta suna aji 5, kowanne da gurbinsa a jere, nan ne ake buƙatar hadda.

Akwai inda masu tsoratarwar suka yi gaskiya. Furuci na da wuya, musamman tlh, da kuma Q da ke fitowa daga can maƙogwaro. Manyan baƙaƙe ma ba ado ba ne: q da Q sautuka biyu ne daban, kamar yadda k da ƙ suka raba kafa da ƙafa. Alamar hamza kuwa harafi ce cikakkiya, irin wadda muke furtawa a sa'a.

Batun cewa masu jin Klingon sun fi masu jin harshen Nabaho yawa, ƙarya ce tsagwaronta. Jaridar barkwanci The Onion ce ta ƙaga shi a 1999, mutane suka ɗauka labari ne. Masu jin Nabaho sun haura dubu 100, waɗanda ke iya doguwar hira da Klingon kuwa 'yan gommai ne.

Haka nan ba dole sai ka iya rubutun pIqaD da ake gani a jikin jiragen fim ba, domin da baƙaƙen boko ake rubuta littattafan koyo. Cibiyar Harshen Klingon na aiki tun 1992, manhajar Duolingo kuma ta buɗe darasinsa a 2018. Idan kana da sha'awa, fara da ɗafa-goshin aikatau, ka riƙa karanta kowace jimla da ƙarfi tun ranar farko.